Taya Ta Sace, Laifin Maƙwabci Ne: Fashin Baƙi Kan Barkwancin Faci a Tseren Keke

Duk wanda ya taɓa tura keke da rana tsaka, tayar baya ta kwanta a ƙasa, ya san irin kallon da ake yi wa mai wannan lalura. Akwai tausayi a ciki, amma akwai 'yar dariya a ƙarƙashinsa. Ka iso gindin darbejiya wurin mai faci, ya kifa keken, ya zura ƙarfe ya zaro tif, ya ba shi iska, ya dulmiya shi cikin bahon ruwan da ya yi baƙi ƙirin, yana juyawa a hankali har kumfa ta fara tasowa. Ya danne wurin da yatsa, ya goge, ya kankare, ya shafa sholisho, ya hura masa iska da baki don ya sha. Kafin ya mayar da tif ɗin sai ya shafa cikin tayar da hannu, ya zaro ƙayar tsidau ko guntuwar waya, ya nuna maka ita kamar wanda ya kamo ɓarawo da kaya a hannu. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya karɓi wannan hujja ya yi shiru ba. Sai ya ce tayar ce jabu, ko ƙanensa ne ya hau jiya da dare, ko facin da wancan mai facin na bakin kasuwa ya yi ne bai kama ba.

To, ka ɗauki wannan hali ka kai shi Turai, ka ɗora shi kan mutumin da ya yi shekara guda yana shiri, kekensa ya fi wata motar tsada, ga kamara a kansa, ga jama'ar ƙasarsa sun zuba ido. Taya ta sace. Wa za a ɗora wa? Tsakuwa ba ta da fasfo, ƙaya ba ta da tuta, kuma mutum ba ya iya yin fushi da abin da ba shi da fuska. Sai a waiwaya a ga maƙwabci. Daga nan ne barkwancin faci ya samo asali a duniyar tseren keke, kuma shi ya sa ba ya rabuwa da tsokanar da ke tsakanin Faransawa da 'yan Beljiyam da Italiyawa da 'yan Holan, sannan daga baya Turawan Ingila.

Sai an fahimci abin da faci ke jawo wa ɗan tsere kafin a ji daɗin dariyar. 'Yan tsere suna tafiya ne a dunƙule, ayari guda, kowa na fakewa a bayan na gabansa. Wanda ke cikin ayari yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe wajen kokawa da iska, wani lokaci ma fiye. Da zarar tayarka ta sace ka fita daga wannan inuwa. Ka ɗaga hannu, ka ja gefe, ka jira motar ƙungiyarku da ke can baya cikin jerin motoci. Bakanike ya diro a guje da taya a hannu, ya sauya, ya tura ka. Ko da bai wuce daƙiƙa 20 ba, ayarin da ke gudun kilomita 50 a awa ya yi maka nisa, kuma kai kaɗai za ka fuskanci iskar da su suke rabawa. In kana da barori a ƙungiya, sai biyu ko uku su tsaya su jawo ka. In a daɓen dutse ne ko kan tsauni inda mota ba ta iya kutsowa, sai dai haƙuri.

Ita kanta hudar iri-iri ce. Akwai ta ƙaya ko kwalba ko tsinin dutse, kuma ta fi yawa ranar ruwa, domin jiƙaƙƙiyar roba ta fi saurin yankuwa, ga tarkace na manne mata. Akwai wadda ke faruwa in iska ta yi ƙaranci, taya ta daki kaifin dutse, ƙarfen wili ya matse tif ya yi masa huda biyu kusa da juna; masu keke a Ingila suna kiranta saran maciji, kuma duk wanda ya ga ramukan ya san sunan ya dace. Tayar baya ta fi ta gaba shan wannan wahala saboda nauyin mahayi a kanta yake. Yau manyan ƙungiyoyi sun koma tayar da ba ta da tif, wadda ake zuba wa wani ruwa mai kauri da ke toshe ƙaramar huda tun ana cikin gudu. Abin ya ragu, bai ƙare ba. Masu hawan keke a Birtaniya har camfi gare su: ba a faɗin kalmar faci a kan hanya, kuma wanda ya yi alfahari cewa ya yi wata shida bai yi ba, to, ya tsokano wata aljana da suke cewa ita ke raba shi. Mu da muke da tsidau ba ma bukatar aljana. Amurkawa ma sun san wannan ciyawa, sunan da suka ba ta kuwa ma'anarsa mai huda taya.

Gardamar ƙasa da ƙasa ta girmi tseren kansa, domin tun kan wanda ya ƙirƙiro tayar iska aka fara ta. Robert William Thomson, mutumin Sikotland, ya yi rajistar dabarar a 1845, amma ba ta karɓu ba, aka manta da shi. A 1888 wani ɗan Sikotland ɗin, John Boyd Dunlop, likitan dabbobi da ke zaune a Belfast, ya sake gano ta yana ƙoƙarin sauƙaƙa wa ɗansa jijjigar keke mai ƙafa uku, ya yi rajista, sai bayan shekara biyu aka ce masa ai an riga shi. Tayar Dunlop liƙe take da wili, in ta huje gyaranta aikin awanni ne. Nan Faransawa suka shigo. 'Yan'uwa biyu, André da Édouard Michelin na garin Clermont-Ferrand, suka fito da tayar da ake iya cirewa a gyara a bakin hanya, kuma a 1891 Charles Terront ya ci tseren Paris zuwa Brest da dawowa, kusan kilomita 1,200, a kan tayarsu. Shekara ta zagayo suka shirya nasu tseren daga Paris zuwa Clermont-Ferrand, suka sa aka watsa ƙusoshi a hanya don a ga tayar wa ta fi saurin gyaruwa. Ka ji talla. Mutumin nan mai jikin tayoyi da ke tambarin kamfanin, a hotonsa na farko na 1898 yana ɗaga kofi ne cike da ƙusoshi da fasassun kwalabe, wai tayarsu shanye cikas take yi. Watau kafin wani ɗan kallo ya taɓa watsa ƙusa don mugunta, masu sayar da taya sun riga sun watsa don kasuwa.

Ko bawul ɗin da ake ba taya iska an raba masa ƙasashe. Siririn da ke kan kekunan tsere ana ce masa na Faransa. Mai kauri irin na mota ana ce masa na Amurka. Wanda muka saba gani a tsofaffin Raleigh da Phoenix, mai 'yar roba a ciki, Japanawa suna kiransa na Ingila, 'yan Holan kuma suna cewa nasu ne. Matafiyin da ya tsaya a wani ƙauye da bawul ɗin Faransa, mai faci kuma famfonsa na bawul ɗin Ingila ne, ya riga ya shiga rikicin ƙasa da ƙasa ko bai sani ba.

Da aka fara Tour de France, babban tseren zagaya Faransa da ake yi zango-zango na kwanaki da yawa, a 1903, ƙarƙashin Henri Desgrange da jaridarsa L'Auto, dokar ita ce kowa ya gyara kayansa da hannunsa. Shi ya sa a tsofaffin hotuna za ka ga 'yan tsere sun rataya tayoyi a kafaɗa, sun gicciya su a ƙirji kamar mafarauta da layu. A shekara ta biyu, 1904, abin ya zama hauka: an watsa ƙusoshi, 'yan kallo sun tare hanya kusa da Saint-Étienne sun lakaɗa wa abokan hamayyar ɗan garinsu duka, wasu 'yan tseren kuma an zarge su da hawa mota ko jirgin ƙasa. Daga baya aka soke sakamakon huɗun farko, har da Maurice Garin da ya ci gasar farko ta 1903, aka ba wa na biyar, Henri Cornet, yaro ɗan shekara 19. Lura cewa a wancan lokaci rikicin na gari da gari ne. Tutar ƙasa daga baya ta shigo.

Labarin da ya fi kowanne yawo daga wancan zamani ba na taya ba ne kai tsaye, amma shi ne uban duk barkwancin. A 1913 Eugène Christophe, Bafaranshe, yana gangarowa daga tsaunin Tourmalet da kyakkyawar damar cin gasar, sai ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba ya karye. Ya saɓa keken, ya taka sama da kilomita 10 har ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, ya shiga maƙera. Doka ta hana maƙerin taɓa masa aiki, don haka shi ya kama guduma da kansa, alƙalan tsere na tsaye a kansa. Hannu biyu gare shi, ɗaya na riƙe da ƙarfe ɗaya da guduma, sai ya ce wa wani yaro ya ja masa zugazugi. Bayan ya yi asarar awanni, alƙalai suka ƙara masa tarar minti 10, wai ya karɓi taimako. Wa ya ci gasar? Philippe Thys, ɗan Beljiyam. A 1919 Christophe ne mutum na farko da ya sa rigar nan mai ruwan ɗorawa ta jagora, ƙarfen ya sake karyewa ana dab da gamawa, Firmin Lambot na Beljiyam ya ci. A 1922 ya karye karo na uku, kuma Lambot ne dai ya sake ci. Daga 1912 zuwa 1922 an yi gasar sau bakwai, duka bakwai ɗin 'yan Beljiyam suka kwashe. Ka tuna cewa Faransawa su ne masu tatsuniyoyin da ke nuna ɗan Beljiyam a matsayin sakarai. Sakaran nan ne ya riƙa zuwa har gida yana ɗauke musu kofi.

A 1930 Desgrange ya soke ƙungiyoyin kamfanoni ya kawo na ƙasashe, tsarin da ya ɗore har 1961, ya ɗan dawo a 1967 da 1968. Faransa ta ci sau biyar a jere. A nan ne taya ta zama abin kishin ƙasa. A 1934 jagoran Faransawa Antonin Magne ya lalata wilinsa a gangaren tsaunukan Pyrénées, wani matashi ɗan shekara 20, René Vietto, wanda ya fi kowa iya hawan tsauni a shekarar, ya cire nasa ya ba shi, ya zauna kan katanga yana jiran mota yana kuka. Aka ɗauki hoton, ya zagaye Faransa. Washegari Magne ya sake samun matsala, Vietto da ke gaba ya juyo ya hau tsaunin da ya gangaro ya miƙa masa kekensa. Magne ya ci gasar, amma Vietto aka fi so. Riƙe wannan labari, za mu dawo kansa.

Abin da ya faru a 1937 shi ne, a ganina, cikakken misalin yadda faci ɗaya ke zama rikicin ƙasashe biyu. Sylvère Maes na Beljiyam, wanda ya ci gasar 1936, shi ke sanye da rigar jagora, Roger Lapébie na Faransa na biye. Kowane ɓangare da nasa ƙorafin. Lapébie ya tarar an zarta masa kan keke da zarto kafin zangon tsaunuka, aka yi zargin 'yan Beljiyam ba tare da hujja ba. Su kuma 'yan Beljiyam suka ga 'yan kallo suna ta tura Lapébie a hawan tsauni, tarar da aka ci shi kuwa daƙiƙa 90 kacal. Sai a zangon Pau zuwa Bordeaux tayar Maes ta sace. Wasu 'yan ƙasarsa biyu da suka shiga gasar a ƙashin kansu, ba cikin tawagar ƙasa ba, suka tsaya suka jawo shi. Alƙalai suka ci shi tarar daƙiƙa 15. A zangon nan dai aka rufe shingen jirgin ƙasa bayan Lapébie ya wuce, kafin Maes ya iso. Bordeaux kuwa yankin Lapébie ne, jama'ar wurin ba su yi wa baƙin tarbar arziki ba. Maes, da riga a jikinsa da ratar daƙiƙa 25, ya tattara tawagarsa kaf suka koma gida. Har yau in ka ba ɗan Beljiyam da Bafaranshe wannan labari, ɗaya zai fara daga zarto, ɗaya zai fara daga shingen jirgi. Laifi tudu ne.

Italiyawa sun yi irin wannan ficewa a 1950. Gino Bartali ya faɗi tare da Jean Robic na Faransa a tsaunin Aspin saboda cunkoson 'yan kallo, ya ce an dake shi, har wani ya nufo shi da wuƙa. Ya ci zangon, Fiorenzo Magni ya karɓi rigar jagora, amma Bartali ya dage sai an tafi, Magni ya bi shi da riga a jaka. Ɓangaren Faransawa kuma suka ce mai wuƙar nan bawan Allah ne da ke yanka abincinsa a bakin hanya, ya taso taimako ya manta bai ajiye ta ba. Ferdi Kübler na Suwizalan ya tsinci dami a kala.

Yanzu ga yadda barkwancin kansa yake tafiya. Tsarinsa kusan ɗaya ne kullum: a jera mutanen ƙasashe, a ba su matsala guda, kowa ya nuna halin da aka laƙaba masa. In na sa shi a bakinmu, zai zama kamar haka. Taya ta sace wa mutum biyar. Bafaranshe ya ce a binciki abin da baƙi ke sha. Ba'italiye ya jefar da keken, ya ɗaga hannu sama yana kai ƙara. Ɗan Beljiyam bai ma lura ba, don hanyoyin garinsu sun fi haka jijjiga. Ɗan Holan ya tambayi wa zai biya kuɗin tif. Baturen Ingila ya ba tsakuwar haƙuri, sannan ya rubuta nauyinta a kwamfuta. Babu ɗaya cikin waɗannan da yake gaskiya game da mutum guda, amma kowanne na da saiwa: 'yan Holan suna yi wa 'yan Beljiyam kallon marasa wayo, su kuma suna rama wa da cewa 'yan Holan marowata ne, alhali fiye da rabin mutanen Beljiyam harshe ɗaya suke yi da Holan.

Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan. Wasan da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi, ko Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarbawa, shi ne wannan: ba ka tsokanar wanda ba ka haɗa komai da shi ba. Ba ka jin ɗan Beljiyam na ɓata lokacinsa kan barkwancin 'yan Fotugal. Bambancin shi ne namu wasan yana da ƙa'ida, an san ba a fushi, nasu kuwa babu wanda ya ɗaura masa wannan sharaɗi, shi ya sa wani lokaci yake zarcewa. A 1975 wani ɗan kallo Bafaranshe ya naushi Eddy Merckx a ciki a hawan Puy de Dôme, lokacin da ɗan Beljiyam ɗin ke neman cin gasar karo na shida. Wannan ba wasa ba ne.

Wani barkwancin ma ciwo ne aka lulluɓe. Lokacin da Jamus ta mamaye Holan a Yaƙin Duniya na Biyu, sojojinta sun ƙwace kekuna masu ɗimbin yawa, waɗanda suka rage kuma babu robar taya, har mutane suka riƙa hawa kan tayar katako ko kan wili tsirara suna neman abinci a ƙauyuka cikin yunwar hunturun 1944 zuwa 1945. Tun daga nan ɗan Holan in zai tsokani Bajamushe sai ya ce ya dawo masa da kekensa. An ji wannan kalma a 1966 lokacin auren Gimbiya Beatrix da Claus von Amsberg, Bajamushe, ana kuma jin ta a filayen ƙwallo. Jikokin da ke faɗinta yau dariya suke yi. Kakannin da suka fara faɗinta ba dariya suke ba.

Sai kuma babbar tambayar da ke rura wutar duk wannan: in tayar abokin hamayyarka ta sace, za ka jira shi? Littafin doka bai ce ka jira ba. Abin da ya tanada kawai shi ne, a zangon da ba na tsauni ba, in matsala ta same ka a kilomita 3 na ƙarshe, za a ba ka lokacin ayarin da kake ciki. Sauran duk al'ada ce, ita kuwa al'adar da ba a rubuta ba kowa na karanta ta da idon ƙasarsa. A 2010 sarƙar Andy Schleck na Luksambog ta zame a tsaunin Port de Balès, Alberto Contador na Sifen ya wuce abinsa, ya ci ribar daƙiƙa 39, kuma da daƙiƙa 39 ɗin cif ya ci gasar, kafin daga baya a ƙwace ta saboda wani dalili na daban a ba Schleck. A 2012, zango na 14, wani ya watsa ƙananan ƙusoshi a tsaunin Mur de Péguère, 'yan tsere kusan 30 suka yi faci. Cadel Evans na Ostareliya, mai riƙe da kofi, ya tsaya a ƙwanƙolin tsauni yana ɗaga hannu babu taya, da aka samo kuma ta sake sacewa, sau uku. Bradley Wiggins na Birtaniya, mai rigar jagora, ya sa ayari ya rage gudu. Mutum ɗaya ne ya ƙi tsayawa, Pierre Rolland, kuma Bafaranshe ne. Daga baya ya ce bai san abin da ke faruwa ba. Jaridun Faransa suka yaba wa Wiggins da dattaku. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne Evans ya riga ya yi nisa a baya a jadawali, jiransa bai rage wa Wiggins komai ba. Ban ce ba dattaku ba ne. Na ce dattaku ya fi sauƙi ga wanda ya ƙoshi.

Makonni kaɗan bayan haka, a gasar Olamfik ta Landan, Birtaniya ta ci zinare 7 cikin 10 a tseren cikin fili, sai Faransawa suka fara gunaguni cewa akwai wani sirri a wilin kekunan Ingila, don ana saurin ɓoye su cikin jaka bayan tsere. Da jaridar L'Équipe ta tambayi shugaban tawagar Birtaniya, Dave Brailsford, sai ya ce ai nasu wilin wani irin zagaye ne da shi na musamman. Wasu suka ɗauka da gaske. Wilin da ake ta magana a kai kuwa kamfanin Mavic ne ya ƙera, kuma Mavic na Faransa ne.

Na ce a riƙe labarin Vietto. A gasar Giro d'Italia, takwarar Tour da ake yi a Italiya, ta 2015, zango na 10, tayar gaba ta sace wa Richie Porte na Ostareliya ana saura 'yan kilomitoci, bai kai shiga kilomita 3 ɗin nan ba. Simon Clarke, ɗan ƙasarsa amma na wata ƙungiya, ya tsaya ya cire tasa tayar, ya ɗaura masa, ya tura shi. Hoton ya bazu, kowa na yabo, har masu shirya gasar. Da yamma alƙalai suka ci kowannensu tarar minti 2, domin doka ta hana taimakon ɗan wata ƙungiya. Porte ya faɗo daga na 3 zuwa na 12. Aikin da ya mai da Vietto gwarzo shi ya jawo wa Clarke tara, kuma shi ne laifin da aka kama Maes da shi a 1937. Bambancin kawai wace riga ke jikin mai bayarwa.

Inda faci ya fi sarauta shi ne Paris–Roubaix, tseren yini ɗaya da aka fara a 1896, mai sama da kilomita 250, wanda fiye da 50 daga ciki tsofaffin hanyoyin gona ne na daɓen dutse. Kofin ma dutse ne guda daga irin na hanyar. A ƙasar Faransa ake yin sa, amma 'yan Beljiyam sun fi kowa ci, Roger De Vlaeminck da Tom Boonen kowanne sau huɗu, kuma har zuwa 2025 Bafaranshe na ƙarshe da ya ci shi ne Frédéric Guesdon a 1997. Faransawa in an tsokane su da wannan, ko da cewa rabonsu da Tour tun Bernard Hinault a 1985, sai su tuna wa maƙwabtansu cewa su rabonsu tun Lucien Van Impe a 1976. A 2023, a daɓen Carrefour de l'Arbre, Wout van Aert na Beljiyam ya kai hari, Mathieu van der Poel na Holan ya kamo shi, aka gyara zama za a ga ƙarshen hamayyar da suka fara tun suna yara, sai tayar bayan Van Aert ta sace. Van der Poel bai jira ba, babu kuma wanda ya ce ya jira, don a Roubaix faci ɓangare ne na jarrabawar. Ya ci, ya sake ci a 2024 da 2025. To amma duba yadda tutocin suka cakuɗe: shi ɗan Holan ɗin a Beljiyam aka haife shi, ƙungiyarsa ta Beljiyam ce, kakansa na wajen uwa kuma Raymond Poulidor ne, gwarzon Faransawa da ya shahara da rashin sa'a, wanda bai taɓa sa rigar ɗorawa ko yini ɗaya ba. Shi kuma ɗan Beljiyam ɗin ƙungiyar Holan yake yi wa tsere. Ƙasashe uku na iya cewa sun ci, biyu na iya cewa an cuce su, duk a kan taya ɗaya.

Ranar 3 ga Agusta 2024, a tseren Olamfik na Paris, Remco Evenepoel na Beljiyam yana gaba shi kaɗai bayan tafiyar kusan kilomita 270, saura ƙasa da 4, sai tayar baya ta sace, daidai gaban gidan tarihi na Louvre. A Olamfik ba a sa rediyo a kunne, don haka bai san tazarar da ke tsakaninsa da na bayansa ba. Ya diro yana ɗaga hannu yana ihu a kawo keke, aka kawo, aka tura shi, ya ci gaba yana tambayar waɗanda ke gefensa nawa ce ratar. Wanda ke biye da shi Valentin Madouas ne, Bafaranshe, a gaban dubban Faransawa, kuma na ɗan lokaci birnin ya ɗauka tsakuwar gida ta yi aikinta. Ratar ta wuce minti guda. Evenepoel ya iso, ya sauka, ya tsayar da keken a kan layi, ya buɗe hannuwa, hasumiyar Eiffel na bayansa. Madouas ya zo na biyu, Christophe Laporte, shi ma Bafaranshe, ya zo na uku.